Tun ran gini ran zane: ina filin doki a taswirar Imanan?

Wanda ya kamo hanyar Filinge daga Yamai, in ya wuce Balayara ya nutsa cikin kwarin Dallol Boso, zai iso Bonkuku, babban garin Imanan. In ranar kasuwa ce, ya tsaya bakin hanya ya ƙirga abin hawan da ke wucewa. Zai ga amalanken jakai ɗauke da buhunan dankalin turawa, zai ga motocin ƴan kasuwa, zai ga raƙumi jefi-jefi. Kafin ya ga doki guda da sirdi da linzami, sai inuwa ta juya. A lungunan gari kuwa yara na nan suna sukuwa bisa dokin kara, kamar yadda kakanninsu suka yi kafin a ɗora su bisa na gaske.

To, a ce wani ɗan kasuwa, ko ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki ya komo gida, ya ga wannan hali abin ya dame shi. Ya sayi dawaki goma, ya ce zai buɗe makarantar koyon hawa a bayan gidansa, cikin sabuwar unguwar da aka yanka, ko a Bonkuku ko a Filinge. Wa zai ba shi izini? Maƙwabcin da bangonsa zai haɗu da barga yana da ta cewa? In an hana shi, ina zai kai dawakin?

Ya ku masu karatu, tambayar ta fi ƙarfin mutum guda da dawakinsa. Mai doki yana da gaskiya, maƙwabci ma yana da tasa, kuma in aka bari sai sun tsaya gaban alƙali, ɗaya daga cikinsu zai koma gida da ɓacin rai. Wurin da ya kamata a raba wannan gardama shi ne bisa taswirar gari, tun kafin a kafa tubalin iyaka na farko.

Ƙasar barade

Babu wanda zai koya wa mutanen Dallol Boso darajar doki. A ƙarni na 19, lokacin da Abzinawa suka kafa sarautunsu a Imanan da Tagazar, Kurfayawa na arewa da su, Zabarmawa na kudu, ƙarfin kowane gari ana auna shi ne da yawan mahayan da zai iya fitarwa in an buga tambari. Isa Korombe, jarumin Zabarmawa da ya faɗi a yaƙin Bumba a 1896, bisa doki ya yi sunansa. Mayaƙi Gado Namalaya, wanda Faransawa suka naɗa sarkin Kurfai a farkon ƙarni na 20, shugaban barade ne kafin ya zama mai riƙe da kanto. A 1916 ma, sa'ad da tawayen Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimmedan, ya iso har Filinge, bisa dawaki da raƙuma aka yi karon.

A wancan zamani doki bai taɓa neman izinin zama cikin gari ba. Turkensa na tsakar gida, kusa da zaure, inda maigida zai ji haniniyarsa cikin dare. Gidajen manya faɗi gare su, bayan gida gona ce, bayan gona daji. Baduku na ɗinka sirdi da ragama, maƙeri na ƙera likkafa da linzami, ɗan barga na yanko ciyawa, yaro kuma yana koyon hawa ba tare da ya san makaranta yake ba: yau ya kai doki rijiya, gobe ya riƙe wa baƙo ragama, jibi a ɗora shi bisa goɗiya mai sanyin hali.

Abubuwa uku suka tayar da doki daga turkensa. Na farko, zaman lafiyar da ya sa barde ya rataye mashi. Na biyu, mota da babur, waɗanda ba sa cin gero ranar da ba a hau su ba. Na uku kuwa fari, musamman na 1973 zuwa 1974 da na 1984, lokacin da magidanci ya zaɓa tsakanin cikin ƴaƴansa da na dabbarsa. Lissafin ba shi da wuya. Tiyar gero tana kai kilo biyu da rabi. Dokin da ake ba tiya guda kullum zai cinye fiye da kilo 900 a shekara, alhali ma'aunin da hukumomin Nijar ke lissafin cimaka da shi kilo 231 ne ga mutum guda. Doki guda ke nan yana cin rabon mutum huɗu, ban da harawa da dusa da kanwa. Ga talaka, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Saboda haka ne doki ya koma gidan sarakai da attajirai, yana fitowa ranar salla, ko naɗin sarauta, ko tarbar babban baƙo. Hanyar da yaro ke bi ya koyi hawa a gida ta toshe. In ana so ilimin ya wuce ga na baya, sai an haɗa dawaki wuri guda, an sa wanda ya iya ya koya wa yara da yawa, iyaye su raba nauyin. Ma'anar makarantar hawa ke nan, kuma a nan ne maganar fili ke shigowa.

Abin da doki ke buƙata, abin da maƙwabci ke sha

Mu ajiye son doki gefe mu auna da mita. Ƙaramin fagen koyon hawa da aka sani a duniya faɗinsa mita 20 ne, tsawonsa 40, wato murabba'in mita 800. Filayen zama da ake yankawa a garuruwanmu galibi 300 ne, ko 400, ko 600. Fage kaɗai ya cinye fili biyu masu 400, ba a yi maganar barga ba, da rumbun harawa, da wurin tara taki, da inuwar da iyaye za su zauna su jira ƴaƴansu. Makaranta mai dawaki goma da ke son numfashi tana buƙatar abin da ya kusa hekta guda.

Doki na shan lita 30 zuwa 40 a rana in zafi ya tsananta. Dawaki goma za su sha kusan duro biyu masu lita 200 kullum, kafin a yi wanka da wanke barga, kafin a yayyafa wa fage ruwa don kwantar da ƙura. In daga famfon unguwa za a ɗebo, matan da ke jeran bokiti tun asuba su ne za su fara jin jiki. Kowane doki kuma yana zubar da kashi kimanin kilo 15 a yini. Na dawaki goma kilo 150 ne, a wata ya haura tan huɗu. A gona wannan dukiya ce. A jikin bangon wani kuwa wari ne da ƙuda, in damina ta sauka ya bi ruwa ya malale a titi. Fitsari na cin gindin bangon ƙasa. Ƙwayar cutar tetanos, mai sandarar da jiki, tana rayuwa a ƙasar da kashin dawaki ya jima a kanta, yaran unguwa kuwa da yawa ba takalmi suke yawo ba. Ingarma in ya tsinke ya fita titi lokacin da ƴan makaranta ke tashi, Allah kaɗai ke kiyayewa.

Dawakin su ma cunkoso bai yi musu ba. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 murar dawaki ta ratsa arewacin Najeriya da Nijar, ta kashe dubban jakai, ta kwantar da dawaki da yawa. Bargar da ke tsakiyar gari, inda jakan amalanke ke wucewa ta ƙofa safe da yamma, ba ta da inda za ta ware marar lafiya daga masu lafiya.

Kada wani ya ce wannan ƙorafi sabon abu ne da boko ya kawo. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna shi a ƙarƙashin ƙa'idar hana cutar da maƙwabci. Ibnur Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gine-gine, kuma barga na cikin abubuwan da ya yi magana a kansu: fitsarin da ke lalata bango, da motsin dabba cikin dare da ke hana maƙwabci barci. Maganin da ya kawo na magini ne, a tayar da wani bango a bar rata tsakani. Shekara 700 ke nan, kuma har yau maganin rata ne.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Mu koma ga mutuminmu mai dawaki goma. Ƙofa ta farko ita ce ta asalin filin. In a cikin yankakken gari yake, abin da ma'aikata ke kira lotisma, takardar da ke hannunsa ta nuna an ba shi filin ne don zama. Dokar tsara birane mai lamba 2017-20 ta ranar 12 ga Afrilu 2017 ta tsaya ne kan cewa kowane yanki da abin da aka tanade shi dominsa: nan gidaje, nan kasuwa, nan makaranta da asibiti, nan filin shan iska. Wanda ya sayi filin kwana ya mayar da shi wurin sana'ar da za ta tara dabbobi da jama'a ya sauya wa filin aiki, kuma ba shi kaɗai ke da ikon yin haka ba.

In kuwa gona ce a bakin gari, maganar ta koma hannun tsarin dokokin karkara da aka kafa da doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. A nan kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, su ke aiki, daga na ƙauye zuwa na ƙaramar hukuma zuwa na gunduma. Su ke ba da shaidar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, a gaban mai gari da shaidu, su kuma duba ko filin bai hau burtali ba, ko makiyaya, ko hanyar mashaya. Dokar kiwo mai lamba 2010-29 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta hana kowa mallake irin waɗannan wurare. A ƙasa irin Imanan, inda garken Fulani da na Abzinawa ke bin kwari suna hawa da sauka, abin kunya ne a toshe wa saniya hanya da sunan doki.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ma'aikatar magajin gari, mai ba da izinin gini. Imanan ƙaramar hukuma ce ta karkara mai mazauni a Bonkuku, Filinge kuma ta birni. Sun sami zaɓaɓɓun majalisu a zaɓen Yuli 2004, a watan Afrilu 2024 kuma hukumomin soja suka rusa majalisun ƙasar baki ɗaya suka naɗa kantomomi. Ko magajin gari ne ko kantoma, wanda ke riƙe da hatimin shi ke da alhakin tsabta da lafiyar jama'a da kwanciyar hankalin unguwa, shi ne kuma ke da garkar da ake tsare dabbar da aka kama tana yawo.

Ƙofa ta uku ita ce wadda maƙwabta suka fi buƙatar sani, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Tun ranar 24 ga Mayu 1966 Nijar ke da doka mai lamba 66-033 kan wuraren sana'a masu haɗari, ko masu cutar da lafiya, ko masu takura wa jama'a. Ta kasa su aji uku bisa girman cutarwarsu, kuma na ajin farko dole ne su nisanci gidaje. Tushenta wata dokar Napoleyon ce ta ranar 15 ga Oktoba 1810, wadda aka yi saboda warin majemu da mayanka da masana'antu a biranen Faransa. Daga can muka gaji binciken da ake kira komodo da inkomodo, kalmomin Latin masu nufin amfani da takura. Ana manna sanarwa, a buɗe littafi na wasu kwanaki, duk wanda abin ya shafa ya zo ya faɗi yardarsa ko ƙinsa, mai bincike ya rubuta rahoto, sa'an nan hukuma ta yanke.

Barga mai dawaki goma a tsakiyar gidaje tana tayar da irin tambayoyin da aka ƙirƙiro wannan bincike dominsu. Sai dai takardar da aka manna da Faransanci a bangon ofis, manomin Bonkuku da matar da ke sayar da ƙosai ba za su san da ita ba sai ranar da suka ji haniniya. A garin da ake jin Zabarmanci da Hausa da Tamashek, binciken da bai bi ta bakin sanƙira da rediyo da ƙofar masallaci ba, cika takarda ne kawai. Shi ma mai dawakin, amfaninsa ne a yi binciken da gaske, domin izinin da aka samu a ɓoye, ranar da aka sauya mai hatimi yana iya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Bayan waɗannan akwai ma'aikatar kiwo, wadda za ta duba lafiyar dawaki da rigakafinsu, akwai ma'aikatar tsabta, akwai kuma hukumar wasannin dawaki ta ƙasa, FENISEQ, ga wanda ke son ɗalibansa su shiga gasa.

Abin da manyan birane suka koya mana

Wanda ya san Kano zai tuna da filin sukuwa da filin folo, shimfiɗa-shimfiɗan wurare a tsakiyar birnin da kowane taku na ƙasa ke da tsada. Ba tausayin doki ya bar su ba. A tsarin garuruwa na zamanin Lugga, wanda dokar 1917 ta tabbatar, ana barin rata ta yadi 440, kusan mita 400, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa. Dalilin wariya ne da tsoron sauro, kuma ba abin yabo ba ne. Amma a irin waɗannan sarari ne Turawa suka shimfiɗa filayen sukuwa da na folo a garuruwa da dama, da yake kuma an zana su a taswira tun farko, wasunsu sun rayu har birni ya kewaye su. A Katsina, gidan Sarki Muhammadu Dikko ne ya rungumi folo tun shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagoggo ya zama gwanin da aka sani har ƙetare, wasan kuma ya sami fili da masu tsaronsa.

Zane a taswira ma ba ya isa in babu mai tsaro. Filin sukuwa na Legas, inda aka yi bikin ƴancin Najeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, an mayar da shi dandalin Tafawa Balewa a 1972, siminti ya rufe inda kofato ke taka. A Kano kuwa, wadda hukumar UNESCO ta sa hawan sallarta cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba 2024, ƴan sanda sun fitar da sanarwar hana kilisa a titunan birni a 2025. Matashin da ke da doki amma ba shi da fage, titi zai hau, titi kuwa na mota ne da mai tafiya a ƙasa.

Namu misalin yana Yamai. Birnin da ke da kimanin mutum 30.000 a 1960 ya kusa 400.000 a ƙidayar 1988, ya haura miliyan guda a ta 2012. Yana da filin sukuwa, yana da kulob na masu hawan doki, dukansu an kafa su ne lokacin da wurarensu ke gefen gari. Abin da ya sami dajin da aka dasa ya kewaye birnin ya isa ishara. An fara dashen a 1965, aka yi nufin hekta 2.500 na dogon yaro da sauran itatuwa, amma yankan filaye ya yi ta gutsurarsa har ya cinye babban kashi. Ma'aikata ba su manta ba cewa a farkon shekarun 2000 da filaye gwamnati ta biya su wani ɓangare na bashin albashi. Tun da fili ya zama kuɗin biyan bashi, ga gwamnati da ƙananan hukumomi baki ɗaya, duk sararin da ba a gina ba ya zama nama a gaban kura. Abin dariya da ban takaici, a birnin nan ne ma'aikaci zai tsaya gaban rumfar LONANI yana nazarin dawakin da za su yi tsere a Faransa, alhali ɗansa bai taɓa shafa wuyan doki ba.

A Faransar da dawakin nan ke gudu, inda masu lasisin hawa suka haura 600.000, an sha wannan rigima an gaji, har ta haifi ƙa'idoji biyu da za su yi mana amfani. Ta farko, dokokin tsabta na jahohinsu galibi suna sa ratar mita 50 tsakanin barga da gidan wani. Ta biyu, tun 1999 ratar ta hau kan kowa: yadda mai barga ba zai matso gidanka ba, haka kai ma ba za ka zo daga baya ka gina a jikin bargarsa ba. A 2005 suka sa sana'ar dawaki cikin ayyukan noma, a watan Afrilu 2024 kuma suka rubuta a kundin dokokinsu cewa wanda ya tarar da sana'a tana gudana bisa ƙa'ida ba zai kai ƙara don ta dame shi ba, muddin ba ta ƙara tsanani ba. Ba sai mun kwafi mita 50 ba, domin zafinmu da ƙudanmu ba irin nasu ba ne. Abin ɗauka shi ne adalcin da ke ciki: wanda ya riga zuwa bisa ƙa'ida, doka ta tsare shi.

Saniya ta sami takarda

Ba sai mun je nesa ba. Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai Tukunus, tashar kiwon shanun Azawak, wadda ke wurin tun 1954 bisa fili da ya haura hekta 4.000. Fari ya zo ya wuce, gwamnatoci sun hau sun sauka, kuɗin aiki ya yi yawa ya yi kaɗan, amma filin na nan, domin an shata shi, an rubuta, an kewaye. Albarkacinsa ne irin Azawak ya sami gidan da ake tace shi, har makiyayan ƙasashe maƙwabta na neman bijimansa. Saniya ta sami takarda a ƙasar Kurfai shekara 70 da suka wuce. Dokin da ya tsare garuruwan ƙasar bai nemi hekta 4.000 ba. Biyu ko uku sun ishe shi.

Imanan na da abin da Yamai ta rasa, wato lokaci. Har yanzu bakin gari bai yi nisa ba, gonaki na nan, masu su sanannu ne, sarakai na da faɗa a ji. Amma yawan jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara bisa ƙidayar 2012, wato yana ninkawa cikin abin da bai kai shekara 20 ba. Gonar da ke bayan gari yau, unguwa ce kafin yaron da ke kan dokin kara ya yi aure.

Ga abin da muke gani ya dace. Duk ranar da za a yi sabon yankan filaye a Bonkuku ko Filinge, a ware hekta biyu ko uku a rubuta su da sunan filin dawaki da wasannin gargajiya, kamar yadda ake ware na makaranta da na maƙabarta. Filin ya zauna mallakar ƙaramar hukuma, a ba mai makaranta haya ta shekaru bisa sharuɗɗa, domin abin da aka sayar wa mutum guda magadansa na iya yankawa su sayar gobe. A kewaye shi da ratar da ba za a gina ba, a dasa itatuwa a cikinta, ratar kuma ta hau kan mai barga da mai gida daidai wa daida.

A zaɓi wurin ta gefen lambuna. Masu noman dankalin turawa na Bonkuku na neman taki kowace rani, mai barga na neman inda zai kai nasa, su kuma suna da harawar wake da yake buƙata. Abin da zai zama rigima a unguwa ya zama ciniki a bakin lambu. Sai dai ruwan Dallol kusa yake, shi ne arzikin kwarin, don haka jujin taki ya nisanci rijiyoyi, a daɓe ƙasansa, makarantar kuma ta haƙa tata rijiyar. Kada kuma a jefa filin can cikin daji. A 2020 dokar ta-ɓaci ta iso gundumar Filinge, aka hana yawo da babur a jahar Tilaberi, kuma babu uban da zai tura ɗansa inda idonsa ba ya kaiwa. Wurin da yaro zai taka da ƙafa ya je ya komo kafin magariba, shi ne daidai.

Mai makarantar shi ma da nasa nauyin: katanga mai ƙofa biyu don kada doki ya fita titi, hular kwano ga kowane ɗalibi, rigakafin tetanos ga yara da ƴan barga, inshora saboda tsautsayi, da hanyar da aka amince dawaki su bi in za su fita kilisa, ban da ranar kasuwa da lokacin tashin ƴan makaranta. Wanda ke da doki ɗaya ko biyu a turken gidansa, kamar yadda aka gada, a bar shi da abinsa muddin yana share wurin. Maganarmu kan sana'a ce mai tara dabbobi da jama'a.

Ƴan kasuwa za su tambaya, ina riba? Ba za ta yi yawa ba, gaskiya ɗaya ce. Amma kuɗin koyo, da hayar dawaki ranar biki da salla, da taki, da horar da dawakin masu hali, suna iya riƙe barga, su kuma tayar da baduku da maƙeri da mai harawa. Ma'aikatan da takardun nan za su bi ta teburinsu kuwa, roƙonmu gare su ɗaya ne: in irin wannan buƙata ta zo, kada a sa hannu a ɓoye don mai ita babban mutum ne, kada kuma a jefa ta aljihun tebur don ba a saba ganin irinta ba. A kira maƙwabta, a kira Kofo, a kira likitan dabbobi da wakilin sarki, a fita da igiyar awo a nuna masa inda ya dace.

Tsofaffin da suka san bambancin kili da akawal, suka san yadda ake ɗaura majayi da yadda ake gane ciwon ciki tun doki bai kwanta ba, suna nan da sauransu a Imanan da Kurfai, amma kowace shekara ana rage su. Fili ana iya sayensa da tsada in an makara. Su kuwa in sun tafi, ba kasuwar da ake samunsu. Allah ya ba mahukuntanmu ikon zanawa tun ran gini.